Ma'aunin baniya: Yadda ake karanta shi da irin asarar da yake hanawa a Kura da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da ya wuce Kura zai ga ƙasa kore shar, alhali sauran wurare sun bushe. Ruwan da ya kawo wannan albarka daga Madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka fara ginawa a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Daga can manyan magudanai suke rarraba shi zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Shinkafa da alkama da tumatir da albasa su ne abin da ido yake gani. A bayansu kuwa akwai wata rundunar masu sana'a da noman ya dogara a kanta: makanikan injin ban-ruwa, masu walda, maƙera, masu gyaran injinan casar shinkafa, da kafintoci masu yin ƙofofi da bencina da akwatuna da katakon jikin amalanke. Aikin kowannensu yana tsayawa ne a kan awo, kuma sau da yawa awon da tef da rula ba sa iya kaiwa gare shi.

A ɗauki misalin manomin da injinsa ya tsaya ana tsakiyar furen tumatir. Makanike ya kwance, ya ce boris ne ya mutu, lambar jikinsa kuma ta goge. Aka gwada da rula, aka ce kamar milimita 20 ne. Manomi ya shiga mota ya tafi Kano, ya sayo, ya dawo da yamma, sai aka tarar sandar da za a zura shi a kanta 19 da 'yan kai ce. Kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi, shuka kuma ba ta jiran kowa. Bambancin da ya jawo duk wannan bai kai kaurin ƙwayar gero ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ce a kasuwar hatsi. A wajen ƙarfe da katakon da za a haɗa su zauna daram, ƙima ba ta isa, sai an auna. Abin da ake auna irin wannan da shi shi ne kalifar baniya, wadda za a riƙa kira baniya a taƙaice.

Asalin ma'aunin

Sunan ya samo asali ne daga Pierre Vernier, wani masanin lissafi daga garin Ornans da ke gabashin Faransa ta yau, wanda ya rayu daga 1580 zuwa 1637. A shekarar 1631 ya wallafa wani ɗan littafi a birnin Brussels inda ya bayyana dabarar ɗora ƙaramin ma'auni mai zamewa a gefen babba, domin a karanta abin da ya faɗa tsakanin layi da layi. Shi don awon kusurwa ya tsara ta, irin wanda masu safiyo da masu nazarin taurari suke yi. Kafin shi, Pedro Nunes na ƙasar Fotugal ya kawo wata dabara mai kama da ita a 1542, shi ya sa har yau a wasu harsunan Turai da sunan Nunes ake kiran ma'aunin.

Shi kuwa ma'auni mai baki biyu da ake matse abu a tsakaninsu ya girmi su duka. An samu irinsa na tagulla a ƙasar Sin wanda aka ƙera tun shekara ta 9 Miladiyya. Haɗa dabarun biyu a abu guda mai sauƙin kuɗi, wanda ƙaramin maƙeri zai iya mallaka, ya samu ne a 1851 a hannun Joseph R. Brown na birnin Providence a Amurka.

A ƙasar Hausa, taƙi da kamu da gaba su ne awon tsawo na gargajiya, kuma sun wadatar da masaƙi da magini. Zuwan Turawa ya kawo inci da ƙafa da yadi. A shekarun 1970 Najeriya ta koma tsarin mita, amma inci bai bar bakin masu sana'a ba. Har gobe ana cewa tiyo mai inci uku, katako tu-bai-fo, ƙusa inci huɗu. Zaman waɗannan tsare-tsare biyu a kasuwa ɗaya shi ne tushen rikici mai yawa, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, ba 25 cif ba.

Sassan jikinta

Baniyar da ta fi yawa a kasuwa tana auna har milimita 150, wato kusan inci shida. Jikinta doguwar rula ce ta ƙarfe mai layuka, kowane layi milimita ɗaya. Wannan ita ce uwa. A kanta akwai wani ɗan guntu mai zamewa gaba da baya, shi ma da nasa layukan, daga sifiri zuwa goma. Wannan ita ce 'ya.

A ƙasa akwai manyan muƙamuƙai biyu, ɗaya a jikin uwa, ɗaya a jikin 'ya. Da su ake auna kaurin abu ko faɗinsa daga waje. A sama akwai wasu ƙanana biyu masu kama da ƙaho, waɗanda ake zurawa cikin rami ko bututu a buɗe su domin sanin faɗin ciki. A can ƙarshe kuma wani siririn tsinke yana fitowa duk lokacin da aka buɗe baki, shi ne na auna zurfi. Akwai kuma ɗan noti a saman 'ya wanda ake murɗawa a kulle ta, don kada awo ya goce kafin a karanta.

Abu na farko da mai koyo zai duba shi ne 'yar lambar da aka rubuta a gefen 'ya: 0.1 ko 0.05 ko 0.02. Ita ce take faɗin mafi ƙanƙantar abin da wannan baniya za ta iya rarrabewa. Domin a gane ƙanƙantar, kaurin farar takardar ofis ɗaya kusan milimita 0.1 ne.

Sirrin da ke cikin layukan

A baniya mai 0.1, an ɗauki tsawon milimita tara an raba shi gida goma a jikin 'ya. Saboda haka tazarar kowane layi nata milimita 0.9 ce, ta gaza ta uwa da 0.1.

Mai dashen tumatir zai gane wannan nan take. A ce mutum biyu suna dashe a kunya biyu da ke jere. Na farko yana barin tazarar yatsa goma tsakanin tsiro da tsiro, na biyu yana barin tara. Idan sun fara daga wuri ɗaya, tsiron farko na mai tara zai gaza da yatsa ɗaya, na biyu da yatsa biyu, na uku da uku, haka har zuwa na goma. To idan mai tara ya fara nasa dashen da yatsa uku a gaba fa? Tsironsa na farko zai faɗa a 12, na biyu a 21, na uku a 30, daidai da tsiron abokinsa na uku. Wanda ya zo daga baya bai ga farkon aikin ba, da ya lura cewa a tsiro na uku kunyoyin suka yi kafaɗa da kafaɗa, ya san da yatsa uku aka gota.

Haka baniya take aiki. Idan aka buɗe bakinta da milimita 0.3, layi na uku na 'ya ne zai miƙe sak da wani layi na uwa. Idan 0.7 ne, na bakwai. Ido ba ya iya raba milimita gida goma, amma yana iya gane layuka biyu da suka haɗu suka zama ɗaya. A kan wannan baiwar ido aka gina ma'aunin gaba ɗaya.

Mai 0.05 tana da layi ashirin, mai 0.02 kuma hamsin da aka shimfiɗa a kan milimita 49. Lissafin duk ɗaya ne.

Matakan karantawa

Mataki na farko, a goge muƙamuƙan, a rufe su, a tabbata sifirin 'ya ya hau kan sifirin uwa.

Na biyu, a sa abin da za a auna, a turo 'ya da babban yatsa har ta taɓa shi ba tare da dannawa ba, sannan a kulle.

Na uku, a dubi sifirin 'ya, a ga layin uwa na ƙarshe da ya wuce. Wannan shi ne cikakken adadin milimita. A lura cewa lambobin jikin uwa yawanci na santimita ne: 1 na nufin milimita 10, 2 na nufin 20.

Na huɗu, a bi layukan 'ya ɗaya bayan ɗaya har a samu wanda ya miƙe sak da layin uwa. Lambarsa ita ce abin da ke bayan ɗigo. Sai a haɗa biyun.

Ga misali daga shagon kafinta. An sa bakin cizal a baniya mai 0.1. Sifirin 'ya ya wuce layi biyu bayan lamba 1, wato 12, bai kai 13 ba. Layin da ya dace shi ne na bakwai. Awon ya zama 12.7, wanda ke nuna cewa cizal ɗin rabin inci ne, ba na milimita 12 ba.

Misali na biyu, da mai 0.05. A irin wannan, tsakanin kowace lamba da ta gaba akwai gajeren layi guda, shi ne rabi. An auna sandar da ke fitowa daga injin ban-ruwa. Sifiri ya ɗan gota 19, kuma layin da ya dace shi ne gajeren da ke tsakanin 0 da 1. Awon 19.05 ne, wato kashi uku cikin huɗu na inci. Wannan sanda ba za ta riƙe abin da aka ƙera don milimita 20 ba, kuma na 19 ba zai shiga ba sai da duka.

Misali na uku, da mai 0.02. A nan tazara biyar ce tsakanin lamba da lamba, kowace 0.02. Sifiri ya wuce 24 ya kusa taɓa 25. Layin da ya dace shi ne na uku bayan lamba 9. Lamba 9 ita ce 0.90, layi uku kuma 0.06. Awon 24.96. Idan sandar asalinta 25 ce, alama ce ta fara cinyewa.

Akwai dabarar da ke rage wahalar neman layi. Kafin a fara lalube, a dubi inda sifirin 'ya ya tsaya tsakanin layukan uwa biyu. Idan a tsakiya yake, a nemi amsa wajen lamba 5. Idan ya kusa layi na gaba, a nema wajen 8 ko 9. Kuma layin gaskiya yana da shaida: maƙwabtansa biyu, na hagu da na dama, duk sukan ɗan karkato ciki zuwa gare shi.

Kurakuran da suka fi yawa

Mafi yawan sababbin hannu sukan karanta daga gefen ƙarfen 'ya maimakon daga layin sifiri, sai awon ya ragu da milimita biyu ko uku. Wasu kuma, idan sun samu layin da ya dace, sai su karanta lambar uwa da ke wurin, alhali ta 'ya ake so.

Kallo daga gefe ma yana yaudara. Saboda 'ya ta ɗan fi uwa tudu, wanda ya karkata kai zai ga layin da bai dace ba kamar ya dace. Sai a riƙe ma'aunin tsaye a gaban ido, a wuri mai haske.

Sai rikicin inci. Yawancin baniyoyi suna da layukan milimita a ƙasa, na inci a sama, kuma na saman a wasu an raba inci ne gida 128. Wanda ya ɗauki cikakken adadi a ƙasa ya nemi ɗigo a sama ya haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Matsi ma yana ɓata awo. Katako mai laushi irin obece, da roba, da tiyo, duk suna lotsawa. Ko a kan ƙarfe, danna 'ya da ƙarfi yana sa muƙamuƙi ya ɗan karkace. Shi ya sa ake so a tura abin can ciki kusa da uwa, ba a riƙe shi da tsinin baki ba. Wajen auna rami kuwa, a ɗan motsa ƙahonin hagu da dama a ɗauki adadi mafi girma, domin shi ne ya ratsa ta tsakiya.

Tsohuwar baniya takan yi kuskuren sifiri. Idan an rufe ta tana nuna 0.06, to duk abin da aka auna sai a cire 0.06: wanda ya nuna 17.06 ainihinsa 17.00 ne. Idan kuma sifirin 'ya ya koma bayan na uwa, layin da ya dace kuma na 0.94 ne, sai a ƙara 0.06. Haka nan a ɗaga ta a rufe a kalli haske ta tsakanin muƙamuƙan. In haske ya ratso ta tsini, bakin ya cinye ko ya lanƙwashe.

Zafi ma yana da nasa. A duniya an yi ittifaƙi cewa awon masana'antu a ma'aunin zafi 20 ake ƙaddara shi. Ƙarfe mai tsawon milimita 100 yana ƙaruwa da kusan 0.02 idan zafinsa ya hau da digiri ashirin. Sandar da aka ciro daga injin da ya gama aiki, ko wadda ta yini a ranar watan Afrilu, sai a ajiye ta a inuwa tare da baniyar har su huce tare.

A shagon kafinta

Kayan aikin kafinta da ke kasuwannin Kano daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, wasu a kan inci aka ƙera su, wasu a kan milimita. Cizal ɗin rubu'in inci 6.35 ne, ana sayar da shi kusa da na 6. Na inci ɗaya 25.4 ne, kusa da na 25. A ido duk ɗaya suke.

Bambancin yana bayyana ne wajen haɗin rami da harshe, wanda ƙofa da kujera da gado suke tsayawa a kansa. Faɗin cizal shi ne faɗin rami. Idan aka fafe rami da cizal mai 12.7 aka yanka harshe a kan 12, an bar sarari na 0.7. Gam ɗin katako ba ya cike irin wannan giɓi da ƙarfi, bayan 'yan watanni kujera ta fara rawa. Idan aka juya lamarin, harshe ya fi rami, sai a buga da guduma katako ya tsage. Ƙa'idar da kafintoci suka saba bi ita ce harshe ya kai kusan sulusin kaurin katakon, sannan a yanka shi daidai da cizal ɗin da ke hannu.

Bakin injin huda ma haka ne. Lambar jikinsa takan goge da yawan aiki, kuma na 8 da na 8.5 ba sa rarrabuwa a ido. A wajen faifan zarton lantarki lamarin ya wuce batun kyau ya shafi rai: ramin tsakiyarsa wani 25.4 ne, wani 30, wani 20. Faifan da raminsa ya fi sandar injin girma ba ya zama a tsakiya, yana kaɗawa yayin da yake juyawa sau dubbai a minti, kuma hannun mutum yana kusa. Auna faɗin haƙorin zarto kuma yana gaya wa kafinta abin da kowane yanka yake ci. Idan milimita uku ne, yanka goma ya cinye santimita uku na katako.

Sai dai katako yana da halin da ƙarfe ba shi da shi. Mafi yawan wanda ake saya a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa daga dazukan kudu yake zuwa da sauran danshi a jikinsa. Da hunturu ya busa sai ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Falankin da faɗinsa milimita 200 ne, idan ya tsuke da kashi biyu cikin ɗari, ya rasa milimita huɗu. Baniya ba ta hana wannan, amma tana nuna shi. Kafintan da ya yi wa falanki alama, ya riƙa auna wuri ɗaya duk mako yana rubutawa, zai san ranar da adadin ya daina sauka. Ranar ce katakon ya isa aiki.

A wajen makanike da injin casa

Boris ɗin da ake yawan amfani da su suna bin tsari ɗaya a duk duniya, kuma awo uku ne suke tantance su: faɗin rami, faɗin waje, da kauri. Mai lamba 6203 raminsa 17 ne, wajensa 40, kaurinsa 12. Mai 6204 kuwa 20 da 47 da 14. Mai 6205, 25 da 52 da 15. Daga 04 zuwa sama, idan aka ninka lambobi biyu na ƙarshe sau biyar an samu faɗin ramin.

Ma'anar wannan ita ce, ko lamba ta goge, makaniken da ke Bunkure zai iya ɗaukar awo uku ya aika ta waya ga mai shago a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a ba direba kayan ya kawo, manomi bai bar gonarsa ba. Haka abin yake ga noti da ƙusarsa, da wilin da bel yake hawa, da bakin bututu, da sandunan injinan casa da Kura ta yi suna da su.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikacin sito

Mai sayar da kayan gini da jami'in da ke karɓar kaya daga hannun ɗan kwangila su ma abin ya shafe su. Ƙarfin rodi yana bin faɗin fuskarsa ne, wato kauri sau kauri. Rodin da aka ce 12 ne amma ya fito 11 bai rasa kashi takwas cikin ɗari kawai ba, ya rasa kusan kashi 16, domin 121 ne a kan 144. Tun da rodi yana da gurzagurza a jiki, baniya alama kawai take bayarwa, sai a tabbatar da sikeli: mita ɗaya na rodi 12 nauyinsa kilo 0.888 ne.

Wayar lantarki mai 2.5 idan silli ɗaya ce, kaurin jan ƙarfenta kusan milimita 1.78 ne, mai 1.5 kuma 1.38. Wayar da roba ta yi mata kauri amma cikinta ya gaza takan yi zafi, kuma daga nan gobara take farawa. Jami'in da ya sa hannu a takardar karɓar kaya bai auna ba, shi za a nema ranar da abin ya lalace. Ɗan kasuwar da ya auna a gaban mai saye kuwa ya sayi amana da abin da bai kai minti ɗaya ba.

Sai dai kowane ma'auni da iyakarsa. Baniya mai 0.02 tana nuna 0.02, amma hannu da ido da tsufan ƙarfe suna iya kawo kuskuren da ya kai haka ko ya fi. Abin da ya yi siriri sosai, kamar kwanon rufi, ko wanda ake neman 0.01 a kansa, kamar fistin, aikin maikuromita ne.

Wacce za a saya, yaya za a riƙe ta

Yanzu akwai mai agogo da kuma mai batir wadda take rubuta adadi a ɗan gilashi, har ta juya milimita zuwa inci da danna maɓalli. Tana da sauƙi, musamman ga wanda ido ya fara rauni. Amma batir yana ƙarewa, danshi yana rikita lambobinta, garin katako kuma yana shiga haƙoran mai agogo. Mai layuka ba ta da abin da zai mutu, shi ya sa ta fi dacewa da bakin gona da shagon da ƙura ba ta rabuwa da shi. Kamfanoni irin su Mitutoyo na Japan da Starrett na Amurka sun yi suna a wannan fanni, kuma saboda sunan ne jabunsu suka yi yawa.

Mai saye ya zaɓi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda aka sassaƙa layukanta a jiki, ba fenti aka shafa ba. Ya gwada sifiri, ya duba haske, ya ja 'ya daga farko zuwa ƙarshe ya ji ko tana tafiya sumul. Sannan ya auna sabon boris wanda an san girmansa. Idan wajen 6204 bai ba shi 47 ba, ya ajiye ta.

Bayan aiki a goge ta da tsumma mai ɗan mai, a mayar da ita gidanta, a bar bakin a ɗan buɗe. Kada a ja layi da tsininta a kan ƙarfe, kada a kwance noti da ita, kada a auna abin da yake juyawa, kada kuma a jefa ta cikin akwati ɗaya da guduma da magagari.

Ɗaliban kimiyya suna haɗuwa da baniya a darasin fiziks na sakandare, na kwalejojin fasaha irin ta Bagauda kuma suna aiki da ita a ɗakin koyon sana'a. Yaran shago da yawa kuwa ba su bi ta nan ba, a hannun maigida suke koyon komai. Koyar da su ba ya buƙatar allo. A tara abubuwa goma da aka san girmansu, boris da bakin huda da cizal da noti, yaro ya auna kowanne sau uku yana rubutawa a ɓoye, maigida ya auna nasa, sannan a kwatanta. Ranar da adadinsu ya riƙa zuwa ɗaya a jere, ana iya aikensa Kano sayen kaya da takarda a aljihu, mai ɗauke da lambobi uku.